Annoba da Tiyatar Yara: Darasin Korona a Kura da Bunkure

Ranar 11 ga Afrilu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Jihar Kano. Daren 16 ga watan dokar kulle ta fara aiki. Ranar 27 ga wata kuma, ana cikin kwanakin farko na azumin Ramadan na shekarar 1441, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin a kulle jihar na tsawon mako biyu, daga baya aka ƙara wa'adin. Sai a farkon Yuli aka janye dokar.

Duk wanda ya ga wannan lokaci yana tuna rufaffun masallatai da kasuwanni, da yawan rashe-rashen dattawa a cikin birni. Ministan Lafiya na wancan lokaci, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙidaya rasuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da cutar. Yara kuwa ba a cika ambaton su ba, domin Allah cikin ikonSa bai sa korona ta tsananta wa ƙanana ba. Sai dai illar annoba ba ta tsayawa kan waɗanda ta kama. Takan shafi duk majinyacin da ke buƙatar mota da likita da gado da jini, kuma a cikinsu babu wanda jinkiri ya fi cutarwa kamar yaron da ke buƙatar tiyata.

Mun zaɓi duba wannan batu daga yankin noman rani na Kura da Bunkure, domin wuri ne da ke kusa da birni idan aka auna da kilomita, amma dokar kulle ta mayar da shi nesa.

Yankin da ruwa ya raya

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, hanyoyin ruwan da suka taso daga gare ta suka mayar da ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam wurin da ake noma damina da rani. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da aikin. Shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa na wannan yanki suna ciyar da jama'a har kudancin ƙasa. Garin Kura ya shahara da gyaran shinkafa, Kwanar Gafan kuma da cinikin tumatir.

Wannan ni'ima tana tafe da nata haɗurran ga yara. Ruwan da ake ban-ruwa da shi, shi ne yara ke iyo a ciki, a yi wanki da wanke-wanke a bakinsa, wani lokaci har a sha. Daga nan tsargiya ke samuwa, daga gurɓataccen ruwan sha kuma zazzaɓin taifod. Taifod idan bai sami maganin da ya dace ba, a mako na biyu ko na uku yana iya huda hanjin yaro, ƙazanta ta zuba cikin cikinsa. Wannan yana cikin manyan dalilan da ke sa a yi wa yara aikin ciki na gaggawa a Arewacin Najeriya, kuma da zarar an wuce kwana guda bayan hujewar hanji ba a yi aiki ba, hatsarin rasa rai yana ƙaruwa ƙwarai.

Akwai kuma ƙunar wuta da ta tafasasshen ruwa a gidajen da ake turara shinkafa, da hannun yaro da inji ke kamawa a wurin casa, da karayar da ake samu a hatsarin babur ko a babban titin Kano zuwa Zariya. Sannan akwai abin da ba ruwansa da sana'a ko wuri: jaririn da aka haifa ba shi da mafitar bayan gida, da wanda aka haifa hanjinsa a waje, da ɗan wata shida da hanjinsa ya shige cikin juna, da gwaiwar da ta maƙale ta ƙi komawa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya dakata don an kafa dokar kulle.

Kafin annoba ma da sauran tafiya

Kada mu ɗora wa korona laifin da ta tarar. A 2015 kwamitin ƙwararru na mujallar likitanci ta Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai aminci, a kan kari, a kuɗin da za su iya biya. Wani nazari da aka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ya ƙiyasta cewa yara da matasa biliyan 1.7 na cikin wannan hali. An kuma bi diddigin jariran da aka haifa da matsalar hanji a asibitoci 264 na ƙasashe 74 gab da zuwan annobar, aka ga cewa a ƙasashe masu arziki kashi 5.6 cikin 100 ne suka rasu, a masu matsakaicin ƙarfi kashi 20.4, a matalauta kuwa kashi 39.8. Ciwo iri ɗaya ne, bambancin yana ga saurin isa asibiti da abin da aka tarar a can.

A Najeriya, inda fiye da kashi 40 cikin 100 na al'umma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, ƙwararrun likitocin fiɗa na yara ba su kai 200 ba a lokacin, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke. Ga mutumin Kura ko Bunkure, manyan asibitoci irin na Kura da na Rano su ne matakin farko. Aikin jarirai da manyan ayyukan yara kuwa sai an shiga birni: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, ko Asibitin Ƙashi na Dala idan karaya ce mai wuya. Daga Kura zuwa birni kimanin kilomita 30 ne. A ranar da hanya ke buɗe tafiya ce ta ƙasa da awa guda. Abin da annoba ta yi shi ne ta tsawaita wannan tafiya a matakai uku: a gida, a hanya, da a ƙofar asibiti.

Jinkirin gida

Mataki na farko shi ne yanke shawarar fita. A watannin Afrilu da Mayu na 2020, tsoro ya cika zukata cewa duk wanda ya je asibiti da zazzaɓi za a ce korona ce, a killace shi, a raba shi da danginsa. Yaron da taifod ya huda wa hanji kuwa da zazzaɓi yake zuwa. Mutanen wannan yanki idan za su shiga birni ta gaban Kwanar Dawaki suke wucewa, inda aka kafa ɗaya daga cikin cibiyoyin killace masu cutar. Shi kansa wannan gini yana da tarihi, domin ya samu ne daga sulhun da aka yi da kamfanin Pfizer kan gwajin maganin Trovan da ya yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Al'ummar da ta taɓa ganin haka, ba abin mamaki ba ne idan ta yi ɗari-ɗari da asibiti a lokacin wata annobar.

To, sai aka koma ga abin da ke kusa: kemis, da wanzami, da mai ɗori. Kowannensu yana da iyakar da amfaninsa ya tsaya. Mai kemis zai ba da maganin kashe zafi da na kashe ƙwayoyin cuta, ciwo ya lafa a ido alhali hanji na ci gaba da ruɓewa. Jaririn da hanjinsa ya shige cikin juna yakan yi kuka mai tsanani ya lafa ya sake, ya yi amai, sannan ya yi bayan gida mai jini da majina. Sau da yawa a gida sai a ce haƙori ne ko atini. Idan aka kai shi da wuri, akan iya warware hanjin ba tare da an tsaga ciki ba. Idan aka kwana biyu ko uku, sai an yanke ɓangaren da ya mutu, kuma ba kowane jariri ke jurewa ba. Haka ma ɗaurin karaya da ya yi tsauri yana iya tsayar da jini, har hannun da ya kamata ya warke cikin makonni ya kai ga yankewa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Sai kuma kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. Manomin rani kuwa aljihunsa yana cikin kwandon tumatir da buhun shanshera. Kulle ya zo ne a ƙarshen kakar tumatir, abin da ba ya ajiyuwa. A rubuce, motocin abinci suna da izinin wucewa, amma rufe kasuwanni da yawan shingaye sun rage masu saye. Uban da bai sayar da amfanin gonarsa ba zai yi ta jinkirta tafiya asibiti yana fatan gobe jikin yaro ya yi sauƙi.

Jinkirin hanya

Dokar kulle ba ta haramta kai marar lafiya asibiti ba. Amma kafin a yi bayani a shinge sai an sami motar da za ta kai mutum shingen. Motocin haya sun daina tashi daga tasha, masu a-daidaita-sahu sun ajiye, wanda ya yarda ya fita kuma ya ninka kuɗi saboda kasadar da yake ɗauka. Ƙarfin dokar ya fi yawa a cikin birni, kuma a can ɗakunan tiyatar yara suke. A farkon Mayu gwamnatin jiha ta sassauta dokar a ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, domin jama'a su sayi abinci. Ga wanda cikin ɗansa ya kumbura daren Alhamis, jiran Litinin kwana uku ne cur da ɗoriya.

Likitoci suna auna irin waɗannan cututtuka da awa. Idan ɗan marainan yaro ya murɗe, jini ya daina isa gare shi, awa shida na farko su ne damar ceto shi. Jaririn da aka haifa hanjinsa a waje yana rasa ruwa da ɗumin jiki a kowace awa. Shi ya sa ƙwararru suka sanya ma'auni cewa ya kamata kowa ya iya isa wurin da ake tiyatar gaggawa cikin awa biyu. Kura da Bunkure suna cikin wannan da'ira idan hanya na buɗe. Da motoci suka tsaya, sai suka fita daga cikinta ba tare da sun gusa ko taku ɗaya ba.

Jinkirin asibiti

Wanda ya isa asibiti ma sai ya tarar da wani jiran. Adalci ne mu faɗi cewa tsoron ma'aikatan lafiya yana da dalili. A watan Janairun wannan shekara, makonni kaɗan kafin korona ta shigo Najeriya, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun rasu da zazzaɓin Lasa bayan aikin da aka yi wa wata mai juna biyu da ke ɗauke da cutar. Allah Ya jiƙan su. A farkon Mayu kuma Ƙungiyar Likitoci reshen Kano ta sanar da cewa fiye da likitoci 30 sun kamu da korona. Likitan da ke sa majinyaci barci kafin aiki shi ya fi kowa shiga hatsari, domin fuskarsa na dab da bakin majinyaci lokacin da yake zura masa bututun numfashi. Duk likitan da ya kamu, sai a killace shi tare da abokan aikin da suka yi hulɗa da shi. A fannin da ƙwararrunsa ba su da yawa, killace mutum biyu ko uku ya isa ya tsayar da ɗakin tiyata.

Kayan kariya sun yi ƙaranci. Gwaji ya yi wuya, har ɗakin gwajin korona na Kano ya tsaya na wasu kwanaki a ƙarshen Afrilu. Iskar oksijin da gadajen kulawa ta musamman, waɗanda jariri ke buƙata bayan babban aiki, su ne masu korona ma ke buƙata. Asibitin Ƙwararru na Muhammadu Buhari da ke Giginyu an mayar da shi wurin killacewa. Jini kuma a ƙasarmu dangi ne galibi ke bayarwa, ga shi dangi ba su da hanyar zuwa, ga azumi, ga makarantun da ake samun matasa masu bayarwa a rufe.

Ba a Kano kaɗai aka ga haka ba. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na watan Agusta 2020 a ƙasashe 105 ya nuna kashi 90 cikin 100 sun sami tangarɗa a muhimman ayyukan lafiya. A kashi 19 tiyatar gaggawa ta taɓu, a kashi 23 kuma ƙarin jini na gaggawa. Wani rukunin likitocin fiɗa ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Birmingham ta Ingila ya ƙiyasta cewa za a soke ko a ɗage ayyuka miliyan 28.4 a duniya cikin makonni 12 na tsananin annobar. A Najeriya, tambayar da aka yi wa likitocin fiɗa na yara a wannan shekara ta nuna mafi yawan asibitoci sun dakatar da ayyukan da ba na gaggawa ba, wasu ma har na gaggawar. Tun a 2014, lokacin Ebola a Saliyo, an ga irin wannan raguwa a ɗakunan tiyata, don haka darasin ba sabo ba ne.

Aikin da aka ce zai iya jira

Kalmar "ba na gaggawa ba" tana da ruɗi idan ana maganar yara. Babba mai gwaiwa yana iya jiran wata shida ba tare da wani abu ya same shi ba. Jariri mai gwaiwa kuwa, a shekararsa ta farko hatsarin maƙalewar hanji ya fi yawa, don haka ɗage aikinsa yana iya mayar da ƙaramin aiki na rabin awa ya zama babban aiki na tsakar dare. Jikin yaro girma yake yi, kuma kowane gyara yana da lokacinsa. Tsagaggen leɓe ana ɗinke shi a watannin farko, tsagaggen dasashin sama kuma kafin yaro ya fara magana. Murɗaɗɗiyar ƙafa ana miƙar da ita da filasta da ake canzawa mako-mako, idan aka tsallake makonni sai ta koma yadda take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Jaririn da aka haifa ba mafitar bayan gida galibi aiki uku ake yi masa: a fara buɗe masa ƙofa a gefen ciki, daga baya a gyara mafitar, sannan a rufe ta gefen. Da aka dakatar da ayyuka, iyayen irin waɗannan jarirai suka zauna watanni suna fama da tsumma da ƙunar fata a cikin ɗansu, suna jiran a kira su. Yaro mai ciwon dajin ƙoda kuwa ana ba shi magani na makonni sannan a cire ƙodar a lokacin da aka tsara. Wannan ciwo yana warkewa ga mafi yawan yara idan an bi tsarin, kuma jinkiri yana ba shi damar yaɗuwa.

Bayan an buɗe asibitoci, layin masu jira ya ninka, sababbi suka tarar da tsofaffi. Iyalin ƙauye da aka mayar gida sau biyu, kuɗin mota ya tafi a banza, da wuya su dawo karo na uku.

Abin da malamai suka fahimta

A nan batun ya taɓa fahimtarmu ta addini. Ya tabbata a Muwaɗɗa ta Imam Malik da Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa, ya kuma hana waɗanda ke cikinta fita don gudun ta. Da wannan Sayyidina Umar (RA) ya yi aiki lokacin da ya isa Sarga a kan hanyarsa ta zuwa Sham, aka ba shi labarin annoba. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a, Abdurrahman bn Auf (RA) kuma ya zo ya tabbatar masa da hadisin. Malamanmu sun yi ta karanto wannan a 2020, kuma sun yi daidai.

Akwai sauran bayani da ya kamata a haɗa da shi. Imam Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya bayyana cewa abin da aka hana shi ne fita don gudu, kuma malamai sun yarda da fita saboda wata buƙata ta daban. Imam Gazali kuma, da yake bayanin hikimar hanin, ya nuna cewa idan masu lafiya suka watse za a bar marasa lafiya ba mai ba su ruwa ko abinci, su halaka saboda rashin kulawa. Ke nan hukuncin da ya tsayar da mutane wuri ɗaya, ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne kada a tozarta majinyaci. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a biyar, kuma ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa ba a kawar da cuta da cuta irinta ko wadda ta fi ta. Uban da ya ɗauki ɗansa mai kumburarren ciki ya nufi asibiti a ranar kulle bai saɓa wa sunna ba. Jami'in da ya buɗe masa shinge shi ma aikin lada ya yi.

Fiɗa kanta ba baƙuwa ba ce a gadonmu na ilimi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya ware babi na ƙarshe na littafinsa At-Tasrif ga tiyata, ya zana kayan aikinta, har ya yi bayanin aikin jaririn da ruwa ya taru masa a kai da wanda aka haifa ba mafitar bayan gida. Malamai kuma sun sanya ilimin likita cikin farillan da idan babu mai ɗauke su duk al'umma ke da laifi.

Shiri tun kafin a sake

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin ta-ɓaci da ta sanya kan korona. A wannan shekarar kuma mashaƙo ya mamaye Kano fiye da kowace jiha a ƙasar, kuma yara ya fi kamawa. Sanƙarau da kwalara da Lasa suna zagayowa. Wata annobar za ta zo, Allah ne Ya san lokacinta, kuma shirin da ba a yi cikin kwanciyar hankali ba da wuya a yi shi cikin firgici.

A gida, kowace uwa da kowane uba su san alamomin da ba a kwana da su. Amai kore ga jariri ko yaro. Ciki ya kumbura ya yi tauri, musamman bayan zazzaɓin mako guda ko fiye. Jaririn da bai yi bayan gida ba cikin kwana biyu na farko, ko aka duba ba a ga mafita ba. Kuka mai zuwa yana tafiya tare da jini a bayan gida. Gwaiwar da ta yi tauri, take zafi, ta ƙi komawa. Ciwon maraina mai tsanani da ya zo farat ɗaya. Yatsun da suka yi sanyi ko suka canza launi bayan ɗori. Ƙullutu a cikin yaro, ko farin abu mai sheƙi a ƙwayar idonsa kamar idon kyanwa. Idan ana zaton matsalar ciki ce, kada a ɗura wa yaro abinci ko jiƙo, domin cikakken ciki yana jinkirta aiki kuma yana da hatsari lokacin sa barci. A tafi da duk takardun asibiti na baya, da mutum ɗaya ko biyu da za su iya ba da jini.

Ga magidanta akwai abu mai sauƙi da ke ceton rai. Da yawa cikinmu mukan kwana a gona, ko mu bi motar kaya zuwa kudu, waya kuma ba kullum take shiga ba. Maigida ya ba uwar 'ya'yansa izini tun yanzu, a gaban wani babba na gidan, cewa idan ta ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ta tafi asibiti ba sai ta jira shi ba. Ya kuma ambaci wanda zai sa hannu a takardar aiki idan ba ya nan.

A matakin gari, ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, waɗanda suka saba haɗa kai wajen yashe magudanai da rabon ruwa, suna iya ware mota guda da direban da kowa ya san lambarsa, dagaci ko mai unguwa ya ba shi takardar shaida. Zakkar shinkafa da alkama da masara haƙƙin talakawa da mabuƙata ce, kuma uban da ya rasa kuɗin aikin ɗansa, ko bashin asibiti ya danne shi, yana cikin waɗanda suka cancanta. Tumatir da albasa a mazhabar Malikiyya ba a fitar musu da zakkar amfanin gona, amma ƙofar sadaka a buɗe take. Kwando ɗaya daga kowace gona a kaka, a sayar a ajiye a asusun masallaci da amintattu ke kula da shi, zai ɗauki nauyin aikin yara da dama a shekara. Limamai kuma su ware huɗuba su faɗa wa jama'a cewa kai yaro asibiti ba ya kore tawakkali.

Ga hukumomi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar majinyacin gaggawa. Tsarin tiyata na ƙasa na 2019 zuwa 2023 ya sanya tiyatar yara cikin ginshiƙansa. Abin da ya rage shi ne a rubuta tun yanzu wane asibiti ne zai ci gaba da aikin yara komai tsananin annoba, a ajiye masa kayan kariya da oksijin nasa, a kuma fitar da jerin ayyukan yara da ba za a ɗage ba. A ƙarfafa manyan asibitocin da ke kusa da yankin da ma'aikatan sa barci da ma'ajiyar jini, yadda za a iya ɗinke hujajjen hanji a Kura ba sai an shiga birni ba. A faɗaɗa tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha zuwa ga manoma ta hanyar ƙungiyoyinsu. Duk dokar kulle ta gaba kuma ta zo da umarni bayyananne, da Hausa, ta rediyo, cewa mai ɗauke da majinyaci ba a tsayar da shi.

Ga ɗalibanmu maza da mata da ke karatun kimiyya a Kura da Bunkure da sauran garuruwa, wannan fanni yana neman ku. Likitan fiɗa na yara, da likitan sa barci, da ma'aikaciyar jinyar jarirai, kowannensu gurbi ne da al'ummarmu ba ta cike ba. Ɗan gari da ya san hanyar Ɗan Hassan da Barkum, ya san yadda uwa ke kwatanta ciwon ɗanta da Hausa, shi ya fi kusa da ya zauna ya yi aiki a inda ake buƙatarsa.

Allah Ya kare mu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa ma'aikatan lafiyar da suka tsaya a bakin aiki da alheri, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan da Ya damƙa a hannunmu.